Shekarar da Na Naɗe Bindigar Baba a Leda

A iya sanina bindigar Baba ba ta taɓa kashe ko ɓera ba. Adaka ce irin ta da, doguwa, mai nauyin tsiya, kuma aikinta guda ne a shekara. Ranar ƙaramar Sallah, in an sauko daga idi, Baba zai saɓa ta ya fita bayan gari, bakin fadama, yara na biye da shi. Zai ɗura mata albarushi da tsumma, babu harsashi ko ɗaya, ya ɗaga bakinta sama ya buga. Sai kowa ya yi tsit. Kafin ka ƙirga ashirin za ka ji amsa daga ƙetaren rafi, can nesa, dum. Daga nan ne Baba yake yarda an yi Sallah, a koma gida a ci tuwo.

Mai amsawar nan taubashin Baba ne, ɗan ƙanwar kakanmu, mu Baffa muke ce masa. Ƙauyenmu yana ƙasar Karaye, nasu yana ƙasar Rogo, tsakaninmu gonakin rake da wani rafi wanda da rani ake tsallake shi da takalmi a ƙafa, da damina kuwa sai an zaga ta gada, tafiyar awa guda a mashin. Tare suka yi kiwo suna yara, tare suka sayi bindigoginsu wurin maƙeri ɗaya. Da zama ya raba su sai suka yi alkawari: Baba zai fara bugawa, Baffa ya amsa, kuma duk ranar da ɗaya ya ji shiru, to ya sa hularsa ya taho gaisuwar mutuwa. Ban taɓa jin sun yi wa juna maganar arziki ba. Baba yana ce masa bawa, tunda ɗan mace ne, shi kuwa yana ce wa Baba mai gadin zaure.

Da waya ta shigo muka saya wa kowannensu, muna ganin an huta da ƙone albarushi. Baba ya juya tasa a hannu ya ce, “Wannan ai ko wanda ke kwance zai iya cewa lafiya lau. Bindiga kuwa sai mai iya tsayuwa da ƙafarsa.”

Yadda Baba yake kula da bindigar nan shi ne abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an dawo daga fadama, kafin ya ci komai, sai ya sa a tafasa ruwa a tukunya, ya riƙa ɗura shi cikin bututun bindigar yana zubarwa, baƙi ƙirin, har sai ruwan ya fito fari. Ya shanya ta a rana, ya goge ta da tsumma mai man kaɗanya, sannan ya rataye ta a madafi, daidai saman murhu, bakinta yana kallon ƙasa. Nan take shekara tana shan hayaƙin tuwo da miyar kuka, tare da barkono da igiyar kuɓewa. Ni kuwa malamin firamare ne, kuma kimiyya nake koyarwa. Kowace shekara sai na rubuta wa 'yan aji biyar a allo cewa ruwa da iska ne suke kawo tsatsa, sannan in dawo gida in tarar da mahaifina yana ɗura wa ƙarfe ruwa da gangan. Raina yana ɓaci, amma ban taɓa furtawa ba.

Shekarar da idon Baba ya fara yin hazo, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ya buga bindigarsa kamar kullum, Baffa ya amsa, muka dawo gida. A zaure ya miƙo mini ita ya ce, “Ɗurawa da bugawa har yanzu nawa ne. Amma ba na ganin ruwan ko ya yi fari, kuma hawa turmi in rataye ta ya fi ƙarfina. Ka ga yadda nake yi. Ka yi haka.”

Na ce, “To, Baba.” A zuciyata kuwa cewa na yi yau bindigar nan ta shigo hannun ilimi.

A lokacin ban daɗe da gama ginin ɗakina na siminti ba, da rufin kwano da silin, shi ne irinsa na farko a gidanmu, kuma ina ji da shi fiye da kima. Na shige da bindigar ciki. Ruwan zafi dai ban ko kalle shi ba. Na goge bayanta tas, na ɗauko kwalbar man gyaɗan maiɗakina na shafe ta har tana ƙyalli, na naɗe ta da tsohon zane, sannan na zura ta cikin ledar sabuwar katifarmu, na ɗaure kai da gindi da robar tayar keke yadda ko numfashi ba zai shiga ba. Na jingine ta a bayan kwaba, jikin sabon bango.

Maiɗakina tana tsaye a ƙofa tana kallon manta yana raguwa. Ta ce, “Malam, ni fa ko daddawa na ƙulle a leda a ɗakin nan, kwana biyu sai in ga ta yi gumi.”

Na ce, “Bindiga daddawa ce?”

Ta ce, “A'a. Allah ya ba ka haƙuri.” Irin haƙurin nan ne da take ba ni in ta san za mu sake haɗuwa a kan maganar.

Daminar nan ta yi ruwa. Sabon bangona ya riƙa tsattsafo da danshi, gishiri ya narke a gwangwani, takalmina na zuwa makaranta ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Na ga duk wannan da idona, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin bindigar ba, tunda ai tana cikin leda. Da kaka sai ga layin tururuwa, daga bakin taga har bayan kwaba, ba dare ba rana. Maiɗakina ta nuna mini su da tsintsiya. Na ce yara ne suke shan rake a ɗakin, na kuwa tara su na yi musu faɗa sosai. Har yau ban nemi gafararsu ba, sai dai ko in sun karanta wannan.

Baba yakan tambaye ni jefi-jefi, “Ba na jin ta a madafi in na laluba. Tana ina?”

In ce, “Tana wurin da ya fi madafi, Baba.”

Sai ya ce, “To.”

Azumi ya zagayo, ruwa ya sake sauka. Ranar jajiberen Sallah da la'asar na jawo ledar, ina ta shirin kai wa Baba bindiga mai ƙyalli ya shafa ya ji aikin boko. Tun daga kwance robar na ji wani wari, kamar na tsohuwar rijiya. Cikin ledar duk raɓa. Zanen ya manne da ƙarfen, sai da na ɓanɓare shi. Bindigar da na sani baƙa ta koma ja, ja irin na ƙasar gini, tun daga baki har kunama. Man gyaɗan ya daskare ya zama danƙo, gawarwakin tururuwa sun maƙale a ciki. Na zura yatsa a bakin bututun, ya fito da wani abu kamar dusar dawa.

Na zauna a bakin gado, gumi yana keto mini. Mai hankali da ya tashi ya je ya faɗa wa mahaifinsa. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne Baba ba ya gani sosai. Na kankare abin da zai kankaru da wuƙa, na ɗauko baƙin man goge takalmi da buroshi, na bi bindigar nan kaf. Wallahi ta yi kyau. Maiɗakina ta leƙo ta gan ni ina buga buroshi, ta koma wajen yankan kajinta.

Da safe aka sauko daga idi. Na sha farar babbar riga, na saɓo bindigar da kaina har bakin fadama, yaran gari sun yi mana zobe. Na miƙa wa Baba. Ya karɓa, ya shafa bututun, ya ɗan tsaya, ya kai hannunsa kusa da hanci. Ya ɗura albarushi, sandar ɗurin tana shiga da ƙyar tana ƙara. Ya ɗaga ta sama, yara suka toshe kunnuwa.

Ƙyas.

Ya gyara, ya sake ja. Ƙyas. Na uku ma haka, sai dai wannan karon wani ɗan garin tsatsa ya zubo masa a hula. Yaran suka fara cire yatsu daga kunne ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da ke wucewa da ƙwaryar fura ta ce, “Ko ita ma azumin ne bai sake ta ba?” Aka kwashe da dariya, ni kaɗai ne ban yi ba, sai Baba.

Bai sauke bakinta ba. Ya ce kowa ya matsa, kada wanda ya kuskura ya leƙa, domin wuta takan maƙale ta tashi daga baya. Ya riƙe ta sama har hannunsa ya gaji, sannan ya ce in kawo buta in cika ta da ruwa, albarushin ya jiƙe. Ni da na shekara ina kare ta daga ruwa, ni na ɗura mata buta guda a gaban jama'a.

Muna cikin haka sai muka ji dum daga ƙetare. Baffa bai taɓa fara bugawa ba. Ya jira, ya jira, ya gaji, shi ne ya buga yana tambaya. Baba ya juya fuskarsa wajen rafin, ga bindiga a hannunsa ruwa yana ɗiga, ba shi da abin amsawa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Can ya miƙo mini tafin hannunsa, baƙi ƙirin, ya ce a hankali, “Takalmin wa ka goge da bindigata?”

Na ruga neman waya. Ranar Sallah ce, kowa yana kira, layi ya cushe. Sai da na hau kan jibgin ƙasar da ke bayan masallaci, na kira ya fi sau goma, sannan babban ɗan Baffa ya ɗauka. Na ce ya faɗa wa Baffa Baba yana nan lafiya ƙalau, bindiga ce ta ƙi tashi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Kafin azahar sai ga mashin a ƙofar gida, taɓo har gwiwa. Baffa ya sauko daga bayan ɗansa, ya jawo hula har gira, ya shigo zaure da sallama ƙasa-ƙasa. Baba yana zaune a kan buzunsa da kwanon tuwo a gaba. Baffa ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna da hannu biyu.

“Ashe abin da ya faru ke nan? Ya haƙuri, ɗana? Ya ƙarin haƙuri? Mutumin kirki, sai dai rowa. Ya bar wasiyya a kan shanun?”

Baba ya ce, “Bawa, tashi ka wanke hannu ka ci tuwo.”

Baffa ya waiga firgigit. “La'ilaha! Ga shi kuwa yana magana! To wa ya rasu? Ni dai na ji shiru, kuma alkawari alkawari ne.”

“Bindigar ce,” in ji Baba. “Ga wanda ya yi mata likkafani nan.”

Aka kawo ledar katifar aka shimfiɗa a gaban Baffa. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Amma na lura da ya zauna kusa da Baba ya kama hannunsa, bai saki ba har tuwon ya huce. Daga baya ɗansa ya ja ni gefe ya ce da suka ji shiru, tsohon zama ya yi a ƙasa a bakin rafi da rigar Sallarsa, ya ƙi magana, ya ƙi tashi, har lokacin da wayata ta shiga. Ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa haka ba.

Yinin Sallar nan ban je gaisuwa gidan kowa ba. Tsofaffin biyu suka sa aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka zaunar da ni a gabansu, na tuɓe babbar riga. Aka fara zaro jiƙaƙƙen tsumma da albarushin. Aka kwance bututun daga katakon, aka jiƙa shi da kananzir don tsatsar ta saki. Na goge da toka da tsumma har yatsuna suka yi kanta. 'Yar ƙofar da wuta take bi ta shiga ta toshe ɗam, sai da allurar maiɗakina na buɗe ta, ita kuwa ta ba ni allurar da fara'ar da ban taɓa gani ba. Baffa yana ba da umarni, Baba yana soke umarnin.

Baffa ne ya yi mini karatun da ban samu a kwaleji ba. Ya ce, “Ɗan boko, tokar da albarushi yake bari a ciki kamar gishiri take, ita ce take jawo danshi. In ba ka wanke ta ba, ko a cikin rana ka ajiye bindiga za ta ci kanta. Ruwan zafi yana wanke ta, kuma ƙarfen ya yi zafi ya bushe da kansa. Hayaƙin murhu kuwa ba ya barin laima ta zauna. Kai kuma ka bar mata dattin, ka ba ta man miya, ka rufe ta da guminta a jikin ɗanyen bango. Da akuya ka yi wa haka da an kai ka gaban alƙali.”

Sai kuma rigima ta tashi a kan mai. Baba ya ce man kaɗanya, Baffa ya ce man shanu, kowa ya ce na ɗayan ne yake sa bindiga tari. Maiɗakina ta ajiye musu fura ta ce, “Baba, ga man keken ɗinkina, shekara nawa ke nan keken bai yi tsatsa ba.” Baffa ya shinshina kwalbar ya ce wannan yarinya ita ya kamata a ba aikin koyarwa.

Ba a buga bindigar ranar ba. Baba ya ce ƙarfen da tsatsa ta ci ba a amince masa sai maƙeri ya gani, kada ya fashe a hannun mutum. Ranar kasuwar Karaye na kai ta, maƙerin ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce ta tsira da ƙyar, sannan ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya ajiye ta. Na ce wani ɗan'uwanmu ne. Da na dawo na hau turmi da kaina na rataye ta a madafi, tsakanin barkono da kuɓewa, maiɗakina tana riƙe mini turmin tana cewa, “A hankali, Malam, kada kimiyya ta faɗo.”

Sallah uku bayan nan bindigar ta tashi tun bugun farko, ni ne mai tafasa ruwa, kuma Baffa bai fasa aiko mini da ledar burodi a matsayin goron Sallah ba. A ta huɗu mun yi waya da shi ana gobe idi, ya ce lafiyarsa lau, ya tambaya ko na sayo sabuwar katifa. Da safe Baba ya buga. Na ƙirga ashirin, na ƙirga talatin. Sai amsa ta zo. Yara suka yi ihu, ni ma na ce, “Alhamdu lillahi, Baffa ya amsa.”

Baba bai motsa ba. Ya ce, “Wanda ya ɗura wannan tsoronta yake ji. Bawan nan bai taɓa yi wa bindiga rowar albarushi ba. Je ka tayar da mashin.”

Na ce, “Baba, wankin fa?”

Mutumin da bai taɓa cin tuwon Sallah kafin ya wanke bindigarsa ba, ya ce in bar ta. Maiɗakina ta karɓe ta daga hannuna a ƙofar gida, ta ce mu tafi, ruwanta yana kan wuta.

Mun tarar da Baffa a kwance, ya rame ƙwarai, ashe ya fi wata bai fita masallaci ba, ya hana a faɗa mana. Ya buɗe ido ya ga Baba ya ce, “Na ce wa yaron nan ya ƙara, ya ƙi. Na san za ka gane.”

Baba ya laluba ya zauna a bakin gadon ya ce, “Gaisuwar da ka yi mini na zo ramawa. Ka bar wasiyya a kan shanun?”

Suka yi dariya, su biyu, ni kuwa na juya fuskata wajen bango don hawaye ya ci ƙarfina. Baffa ya kira ni ya ce, “Ɗan boko, ka wanke ta kafin ku taho?” Na ce tana hannun maiɗakina. Ya ce to hankalinsa ya kwanta.

Baffa bai kai babbar Sallah ba.

Da shekara ta zagayo na yi zaton Baba zai ce a bar bindigar a rataye. Sai ya ce in sauko da ita. Na riƙe masa hannu har bakin fadama, ya ɗura, ya buga, ya tsaya yana sauraro. Daga ƙetare ɗan Baffa ya amsa. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya goge idonsa da hannun riga, ya miƙo mini bindigar.

Ya ce, “Ya fara ƙara albarushi. Mu je ka ɗora ruwa.”